Baba Yana Hannuna

Daga Somoe 'yar Lali, a birnin Wangeni, zuwa ga Mote ɗan Kale, shugaban 'yan igwar Fumo Aroi, a Tudun Yashi. Farkon Rajab.

Da sunan Allah. Gaisuwa irin ta dangi, ko da zumuncin ya yi tsatsa. Ina fata kana lafiya, kai da kunnuwanka, in igwa ta rage maka wani abu a cikinsu. Mu nan da sauƙi. Zazzaɓin da ya kwantar da ni ya sake ni, ƙaramin ɗana ya fara tsaga haƙori, mijina kuma har yanzu iska ba ta juyo da jirginsu daga Maskat ba. Shinkafa ta yi wuya, amma kwakwa da kifi suna nan, don haka kada ka je ka gaya wa ubangidanka yunwa ta kusa buɗe masa ƙofa.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. Ni ma na yi. Tun da Fumo Aroi ya fice daga gari da mutanensa, ya ce kujerar sarautar ɗan wansa Fumo Shale tasa ce, kuka je kuka kafa mana igwa a hayin ruwa, ban yi niyyar ko sallama ta sake haɗa ni da kai ba. Amma kakanka da kakata ciki ɗaya suka fito, a gidanmu kuma ka yi wayo, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Maganar Baba ce. Ranar Laraba da ruwa ya janye ya haye mashigi, wai zai dubo kwakwarsa da ke ɓangarenku. Na tare ƙofa, ya ture hannuna, ya ce shi da ya tsufa yana shigo da jiragen mutane ta cikin ruwan nan, ba rigimar baffa da ɗa ce za ta koya masa inda zai sa ƙafa ba. Ka san shi. Har yau bai dawo ba. Masunta sun ce sun hango mutanenku suna kora wasu manoma zuwa tudu, amma ba su shaida fuska ba.

Ban manta abin da ya faɗa maka a zaman makokin mahaifiyarka ba, cewa wanda ya je Mambasa ya koyi igwa ya koyi cin abinci ne daga kabarin mutane. A gaban kowa ya faɗa, kai kuma ka tashi ka bar shinkafarka a faranti, tun daga ranar ka daina ce masa Baba, ka koma kiransa Bwana Lali kamar wani baƙo. Shi ya sa zuciyata ta ƙi kwanciya. In yana wurinku ka gaya mini. In kana da hannu a ciki, shi ma ka gaya mini, gara in ji da a bar ni ina leƙen mashigi safe da yamma kamar mahaukaciya. Tsoho ne, ƙirjinsa ba ya son sanyi, kuma tsoro nake ji, Mote, tsoro ƙwarai.

Nana Batuli mai busasshen kifi ce za ta kawo maka wannan, tunda ita ce ku da mu kowa yake bari ta wuce. Ka ba ta amsa a hannu, kada ka ce sai gobe. Wassalam.

Daga Mote ɗan Kale, a Tudun Yashi, zuwa ga Somoe 'yar Lali.

Aminci ya tabbata a gare ki, Mwana Somoe, ke da yaranki da duk mai cin tukunyarki. Ina lafiya, sai ƙunar albarushi a hannun hagu, ita ma ta fara bushewa. Sauron tudun nan ya fi mayaƙan garinku ƙwazo, shi ba ya hutun Juma'a. An daɗe ba mu gaisa ba, kuma ba don nauyin abin da zan faɗa ba da ban ɗauki alƙalami ba. Ki karanta a tsanake.

Baba yana hannuna. Na san a can kun ɗauka ruwa ya tafi da shi. A cikin laka muka same shi a bakin mashigi, ya nutse har wuya. Da igiya muka ɗaure shi muka jawo shi kan tudu, kuma bai zo da sauƙi ba, kin san taurinsa. Ni da kaina na wanke shi, na shafe shi da man kwakwa, na sa aka yi masa rumfa don kada a hango shi daga gari. Ya tsufa, Somoe, fiye da yadda nake tunawa, kuma akwai rauni a wuyansa wanda ba na son kamanninsa. Kaɗan-kaɗan nake ba shi, cikinsa ba zai ɗauki da yawa ba.

Fumo Aroi ya zo ya tsaya a kansa, ya zungure shi da sanda, ya ce so yake ya yi magana kafin watan nan ya mutu. Na ce masa, ranka ya daɗe, in aka matsa masa a wannan hali ba zai kai labari ba. Ya ce ko mutuwa zai yi, ya dai yi magana tukuna. Haka sarauta take, ba ta tambayar ta yaya, sai dai yaushe. Ni kuwa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ina ja masa lokaci iyakar ƙarfina. Yau in ce sanyi ya kama shi, gobe in ce ranar ba ta da sa'a. Amma uzuri yana ƙarewa. Ranar da ya buɗe baki, ta wajen Ƙofar Masunta za a fara, inda ganuwa ta gajarta, gidanku kuma ga shi nan a manne da ita. Ki kwashe yara ki koma unguwar masallacin Juma'a, can ba a taɓawa. Kada ki tambaye ni fiye da haka, kada kuma ki nuna wa kowa takardar nan, wuyana ne a ciki. Wassalam.

Daga Somoe zuwa ga Mote.

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Lafiyar da ka yi mana fata ta tafi tun da Nana Batuli ta miƙo mini amsarka. Abinci ya ƙi shiga, yarana sai kallona suke yi. Kai dai ina fata hannun naka ya warke, don ka ji daɗin riƙe igiya.

Da igiya, Mote? Mutumin da ya goya ka ya haye da kai mashigin nan ranar da ƙayar kifi ta soke ka a ƙafa? Sai yau ka tuna sunansa Baba, yau da yake kwance a gabanka ana zungurarsa da sanda? Ka wanke shi, ka shafa masa mai, sannu da ƙoƙari. Haka ake yi wa ragon layya.

Na gane maganar da kuke so ya yi. Ubangidanka ya gaji da jefa ƙarfe cikin laka daga nesa, yana son hanyar da kwale-kwale zai bi ta cikin kurmin ruwa ya ɓullo bayan gari. Baba ba zai faɗa ba. Ko gunduwa-gunduwa za ku yi da shi ba zai faɗa ba. Kakansa ya koya wa ubansa, ubansa ya koya masa, kuma ba a taɓa nuna wa baƙo ba. Sai dai da yake Allah bai ba shi ɗa namiji ba, ni ya riƙa zaunarwa a gaban kwale-kwale ina yarinya. Abin da ke kansa yana kaina. Ku sake shi, ga ta.

Sai ruwa ya cika sosai, irin cikar tsayuwar wata. Ku shiga ta gindin bishiyar da tsawa ta ƙona, ku bar farin dutse a hannun dama, ku yi ta bin inda ruwa ya yi duhu har ku kai mararraba. A nan kowa yake ɓata, don faffaɗar hanyar ita ce ta ƙarya. Ku bi siririyar, wadda rassa suka rufe kamar ba ta ɓullewa. Tana ɓullewa. Za ta ajiye ku bayan Ƙofar Masunta, kusa har ku ji ƙanshin girkina.

Na san abin da na yi. Na sayar da garin da aka binne cibiyata a kan tsoho guda, kuma in an ji, ba Fumo Shale ne zai fara jifana ba, maƙwabta ne. Na yarda. Ka kawo shi bakin mashigi da ƙafarsa, ka yafa masa wani abu a ƙirji. In kuwa ka karɓi hanya ka riƙe mutum, to Allah ya isa tsakanina da kai, kuma zan tsaya a kan wannan har gaban Ubangiji.

Daga Mote zuwa ga Somoe.

Gaisuwa da fatan lafiya, duk da na san ba ki da ita, kuma ni ne sanadi ba da nufi ba. Hannu ya warke. Kaina ne ya kusa rabuwa da wuya. Wannan takarda a cikin busasshen kifi za ta zo miki, za ki ji dalili.

Ban ga Bwana Lali ba. Wallahi ban ma san ya ɓata ba lokacin da na rubuta miki. Takardata ta riga taki. Na bar ta a hannun ɗaya daga cikin mutanena na tafi saro katako, Nana Batuli ta ajiye taki ta ɗauki tawa, ke kuma kika karanta ta a matsayin amsa. Wanda na ciro daga laka igwa ce. Tsohuwar igwar tagullar nan ta bakin tasha, wadda muke hawa muna yara kina ture ni kina cewa ke ce matuƙiya, wadda ta kife da kwale-kwale ranar da muka fice daga gari. Tun zamanin kakanni sunan kifin nan mai cin mutum aka sa mata. Ki faɗi sunan da baki, ki ce baba, sannan ki rubuta su biyun ki gani ko za ki bambance. A ajaminmu harafi ɗaya muke yi musu. Ga shi na ɗiga masa ɗigo uku a ƙasa yadda baƙin nan Balushawa suke yi: Papa. Mu 'yan igwa haka bakinmu yake, igwa tana ci, tana ciwo, tana magana, na manta ba kowa ne ya kurmance tare da mu ba. Daga yau Kifi zan riƙa ce masa.

Da a nan abin ya tsaya, da wata rana mun yi dariya. Takardarki ta biyu ba hannuna ta fara zuwa ba. Fumo ya daɗe yana zargina. Yana cewa me ya sa harsashina kullum a laka yake faɗuwa, na Jamadari Cakar mai igwar garinku shi ma a laka, ko mun haɗa baki ne tunda malami ɗaya ya koya mana a Mambasa. Ba mu haɗa ba. Kowannenmu dai ya san inda rijiya take da inda yara ke wasa, kuma sarakuna suna shiryawa su ci abinci tare, mai igwa ne ake bari da waɗanda ya kashe. Sai Fumo ya sa magatakardansa ya tare kwandon Nana Batuli. A gabana aka karanta, da zagin da komai, magatakarda har da gyara murya a wurin ragon layya.

Yanzu Fumo ya san abin da bai sani ba: akwai hanya, kuma mai hanyar yana cikin manoman da aka kama. Suna da yawa, suna ɗebo yashi a ɗaya gefen tudu, ba a ƙarƙashina suke ba. An fara bin su ɗaya bayan ɗaya.

Ni ma ina da tambaya, ki amsa don Allah. Ke kika rubuta, ko Cakar ne ya zaunar da ke yana faɗa kina rubutawa? Na san shi, in Kifi ya shiga kurmin nan ya maƙale, ya gama yaƙi bai ƙona albarushi ko cikin ƙoƙon kwakwa ɗaya ba. Somoen da na sani ko allura ba ta ba da aro sai ta ji abin da za a ɗinka. Fumo ma abin da yake tunani ke nan, shi ya sa yake son tsohon da kansa.

Daga Somoe zuwa ga Mote.

Muna lafiya, mun koma gidan gwaggo a unguwar masallaci, yaron ya yi gudawar haƙori ya warke. Kai ma Allah ya bar maka wuyanka, ina da sauran magana da shi.

Ɗigo uku. Sannu, malam. Garin nan kaf ya ga igwar nan ta nutse a tsakiyar mashigi inda gora ba ta taɓa ƙasa, yau kai ka ce mini a laka ka tsince ta kamar kaguwa. Na hau soro na leƙa har idona ya yi ruwa, ban ga wata tagulla a tudu ba, sai rumfunan ganyen kwakwa. Da farko yana hannunka, da ka karɓi hanya sai ya zama ƙarfe. Ciniki ya yi kyau.

Har kuma kana da bakin tambayata ko Cakar ne ya sa ni. Ni da mutumin nan ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba. Kai ne ka saba da aikin a sa ka.

Wani lokaci ina tuƙa abinci sai in ce gaskiya ka faɗa, don maƙaryaci ba ya zuwa da wauta irin wannan. Sai kuma in tuna fuskarka ranar makoki. In gaskiya ne, to ni ce na tona ubana da hannuna, kuma wannan ba zan iya ɗauka ba, gara kai ka zama maƙaryaci. Ka nemo shi. In ka same shi, ya aiko mini da kalma daga bakinsa, wadda in na ji zan san tasa ce.

Daga Mote zuwa ga Somoe. Ƙarshen Rajab.

Gaisuwa, da barka da lafiyar yaro. Shirun da kika ji ba daga ni ba ne, an hana Nana Batuli matsowa kusa da rumfata, sai yau wani daga cikin mutanena ya yi kamar yana cinikin kifi.

An same shi. Yana da rai, tari ne kawai. Kurman ƙarya ya yi, wai shi manomi ne, har an kusa wuce shi. Sai wani mai wayo ya jefa igiya a gabansa ya ce ya ɗaure buhu, hannunsa ya yi ɗaurin matuƙa kafin kansa ya hana shi. Na je na ce a ba ni shi, igwa ba ta tafiya a ruwa ba matuƙi. Yanzu a rumfata yake, a kan tabarmata. Da aka shigo da shi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, kai ne mai cin kabarin nan? Na ce ni ne, Baba. Ya ce, to ba ni ruwa.

Na roƙe shi kalmar da kika nema. Da ya ji yadda aka yi aka gano shi, sai ya juya mini baya. Ya ce, ba ni da 'yar da ke rubuta ruwa a takarda. Na ce ko hularsa ya ba ni in aiko, ya ce kansa yana jin sanyi. Abin da ya faɗa ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba.

Fumo ya yanke magana. Safiyar da watan Sha'aban ya tsaya za mu shigo, Kifi a babban kwale-kwale, ni da mutanena, Baba a gaba da gora, dogarai biyu a bayansa da umarnin in ya ɓatar da mu su sare shi. Na ce wa Fumo raunin wuyan nan zai iya fasa igwar ta kashe mu duka, ya ce ai ni aka koya wa, ba shi ba.

To ga abin da muka ƙulla ni da tsohon. Ya ce a bakin siririyar hanyar nan yashi ya taso bayan ke kin daina bi. Zai bi yadda takardarki ta ce daidai, mu hau kansa, ba mai cewa ya yaudare mu. Kafin a gama ihu da turi ruwa ya fara janyewa, mutanena su shiga tsakaninsa da dogarai, shi kuma ya san inda ƙasa take da tauri har Ƙofar Masunta. Kifi ya kwanta a laka, gari ya huta, ni kuma in san ƙaryar da zan yi.

Abu ɗaya nake roƙo, kada kowa ya ji. In Cakar ya ji aikinsa zai yi, kuma ba zan ga laifinsa ba, don ni ma da ni ne ƙananan igwa zan ɓoye a mararrabar nan in cika su da ƙusoshi. Ki yi shiru kawai, 'yar'uwa, na san shi ne abin da ya fi miki wuya. Ki dama masa kunun shinkafa ki jira a ƙofa.

Daga Somoe zuwa ga Mote.

Lafiya lau muke, kai ma haka nake maka fata, kuma da gaske nake, za ka gani a ƙasa.

Ba ni da 'ya. Ubana ne zai faɗi haka? Mutumin da ko tsawa ya yi mini sai ya biyo ni da ɗanyar kwakwa? Ka yi ƙoƙari, amma a nan ka yi tuntuɓe. Ba kalma, ba hula, ba ko zaren rigarsa, sai dai ni in rufe baki in bar igwa ta zo bayan gidajen mutane. Da farko yana hannunka, sai ya zama ƙarfe, yanzu kuma ya koma mutum daidai lokacin da kake so a bar maka hanya. Biri ya yi kama da mutum, Mote.

Na je wurin Jamadari Cakar. Na gaya masa komai, har abin da na rubuta da hannuna. Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da na fi jin sauƙi. Na ce masa ka ce Baba zai kasance a gaba. Ya ce, Mwana, duk mai shigowa gari ta baya uban wani yake sawa a gaba, wani a baki, wani a gaske. Ya tambaye ni, ke kin yarda? Na ce ban yarda ba.

Ba don a kashe ka na yi ba. Shi ya sa nake rubuto maka tun wata bai tsaya ba. Hanya a rufe take, kada ku zo. Ka gaya wa ubangidanka asiri ya tonu. In ba hanya, matuƙi ba shi da amfani, in da gaske yana wurinku sai ku sako shi ya dawo gida. Ka ga ko a nan na fi ka dabara, kamar kullum. Na ba Nana Batuli sabon zanena don ta haye yau, ba gobe ba.

Daga Mote ɗan Kale zuwa ga 'yar'uwarsa Somoe 'yar Lali. Ranar ɗaya ga Sha'aban.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ba zan tambayi lafiyarki ba, na san kin ji ƙarar da safe.

Takardarki ta iso mini yau bayan azahar. Tun kafin wata ya tsaya Fumo ya hana kowa hayewa don kada magana ta fita. Nana Batuli ta yi ta zaman jira a kan yashi, tana roƙo tana kuka, ba a bar ta ba. Kada ki ga laifinta.

Da hantsi muka kai mararraba. Baba ya hau da mu kan yashin yadda muka shirya, har ya juyo ya ɗaga mini gira. Sai Cakar ya harba daga cikin kurmi. Aiki mai kyau ya yi, ƙasa-ƙasa, daidai gaban kwale-kwale, yadda aka koya mana. Ya ɗauke mutanena biyu da dogari ɗaya. Ya sami Baba a ƙirji da cinya.

Na ja shi bayan Kifi, tagullar ta tare mana sauran. Bai tafi nan da nan ba. Ya ce, igwar gari ce? Na ce ita ce. Ya ce, wa ya nuna musu nan? Na ce ban sani ba, kuma a lokacin gaskiya ne. Sai ya yi dariya, da ƙyar, ya ce, kai dai kurma ne, ai a gari ni da Somoe kaɗai muka san wurin nan. Ya lumshe ido har na zaci ya tafi. Can ya ce, ashe ta koma ta rufe hanyar da ta buɗe. Ka ce mata 'yata ce. Ya yi shahada da bakinsa, ba sai da aka tuna masa ba. A bayana na goyo shi har inda ƙananan kwale-kwale suka tsaya.

Ba ni da zagi da zan mayar miki, Somoe. Na nema ban samu ba, baƙin ciki kawai na samu.

Fumo ya ce ni na kai su ga mahalaka, ya sa ana tsarona, ban san abin da zai yanke ba. Amma na aika wa Cakar, shi ma ya aiko. Bai san wanda ya samu ba sai da na gaya masa, an ce da ya ji sai ya zauna a ƙasa. Gobe in ruwa ya janye ba mai harbi, daga mu har su, ko Fumo ya so ko ya ƙi, don mutanena sun ce ba mai kunna masa wuta. Ni zan ɗauko Baba in kawo shi bakin mashigi, ko da dogari a bayana. Na yi masa wanka da hannuna. Ki aiko Nana Batuli da likkafani tun da safe, namu ya ƙare.